Asirin Ɗanasabe Direba

A daminar 1982 babu ɗan jaridar da ake ambato a Kaduna kamar Sabo Isma'ila na jaridar Amon Gari mai fitowa duk Juma'a. Shi ne ya tona asirin wani kamfani mai sito a Kawo, wanda ke sayo madarar jarirai ta gwangwani da wa'adinta ya ƙare, a kankare kwanan watan, a buga sabo, a kai kasuwa. Har hoton gwangwani biyu ya buga, ɗaya kafin kankara, ɗaya bayanta.

Wanda ya kawo masa gwangwanayen sunansa Ɗanasabe, direban babbar mota a kamfanin. Bazamfare ne daga wani ƙauye kusa da Ƙauran Namoda, yana haya a Katabu da matarsa da 'ya'ya huɗu. Da can ba su san juna ba. A tasha ya ji ana karanta rubutun Sabo, ya yi tambaya har aka nuna masa gidansa a Badarawa. Ya zo wata Lahadi da hantsi, ya ƙi shiga ciki, a zaure suka tsaya.

"Malam, wanga abu ba shi da kyawo," in ji shi. "Ɗiyan mutane ka shan shi. Ni ka kai shi kasuwa da hannuna, in komo gida in ɗauki tawa ɗiya. Ka rubuta, amma don Allah kada sunana shi hita."

Sabo ya dafa ƙirji ya ce ko wuƙa aka ɗora masa a wuya, ba mai jin sunan daga bakinsa.

Kamfanin ya kai jaridar ƙara babbar kotu, wai an ɓata masa suna. Lauyansu bai tsaya kan maganar madara ba, suna yake nema. Zama uku yana juya tambaya ɗaya, Sabo yana ba da amsa ɗaya: "Ranka ya daɗe, ba zan faɗa ba." Lauyan ya roƙi alƙali ya tsare shi da laifin raina kotu. Ranar yanke hukunci matarsa Hansai ta haɗa masa 'yar jaka da sabulu da zanen rufa, don kowa ya ɗauka a kurkuku zai kwana.

Lauyar jaridar, Hafsatu, mace ce mai sanyin murya. Ta buɗe tsarin mulki ta karanta sashen da ya ba kowa 'yancin karɓar labari da yaɗa shi. Ta ce 'yancin nan ya zama banza in duk wanda ya buɗe baki za a miƙa shi ga wanda ya tona wa asiri. Alƙali ya yarda da ita. Ya ce ba za a tilasta wa Sabo ya faɗi wanda ya ba shi labari ba, kamfani ya kare kansa a kan madarar in yana da abin cewa. Da yamma rediyo ya faɗa.

Ran Asabar bayan la'asar abokansa na unguwa suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon Sambo tela, jikin katangar gidan Sabo. An sayo tsire da lemon kwalba. Mutum ya kai ashirin. Sau uku Sabo yana ba da labarin kotu, kowane karo lauyan kamfani yana ƙara gumi. Can sai Sambo ya ce, yana dariya, "Kai Sabo, tsakaninka da Allah, akwai mutumin kuwa? Ko dai kai ka ƙago shi, shi ya sa ba sunan faɗa?"

Aka bushe da dariya. Maganar ta sosa wa Sabo rai. Tun yana makaranta an san shi da iya kwaikwayon murya, ba malamin da ya tsira. Ya ajiye kwalba.

"Suna kam ba za ku ji ba. Amma ga yadda ya ce mini." Ya rankwafar da kafaɗa, ya shaƙe murya. "Malam, wanga abu ba shi da kyawo. Ɗiyan mutane ka shan shi."

Wuri ya kaure. Wani har da buga ƙafa. "Sake, don Allah sake!" Ya sake, ya ƙara da, "Ni ka kai shi kasuwa da hannuna," yana murza sitiyari a iska.

A bakin shago akwai wani mutum tsaye da ɗinkinsa a hammata, ya zo karɓa ne ya tarar da taro. Shi ma ya yi dariya har da share hawaye, ya yi sallama ya tafi. Daga baya Sabo ya ji cewa bakanike ne, shi ke gyara motocin kamfanin. Ba da mugunta ba, ran Litinin ya maimaita abin a gareji don a yi raha. Direbobin kamfanin tara ne, ɗaya ne kawai ke cewa "wanga".

Da Sabo ya shiga gida a yammacin nan, Hansai tana kwashe shanya don hadari ya taso. Ba ta dube shi ba ta ce, "Baban Larai, muryar wa na jiyo ta katanga?"

"Wasa ne kawai. Ai ban faɗi suna ba."

Ta ninke zanen da ke hannunta, ta shige ɗaki.

Bayan kwana tara Lauya Hafsatu ta aika a kira shi ofishinta. Ta ce kamfani ya kori wani direba, ya kuma ɗora masa satar kaya daga sito. Kwana huɗu ya yi a tsare kafin ta ji, ta je ta yi belinsa. Hannunsa na dama a kumbure yake.

"Malam Sabo, ka gaya wa wani?"

"Ban gaya wa kowa ba," in ji shi, idonsa a kan tebur.

"To. Zancen sata zai mutu, don in suka matsa sai sun kawo gwangwanayen gaban alƙali. Amma aikinsa ya tafi. Hukuncin da muka samu kai ya kare daga tilas. Babu layi ko ɗaya a ciki da zai mayar da shi bakin aiki."

Kwana biyu Sabo yana fita da niyyar Katabu, yana ƙarewa a ofis. A na uku ya shiga bas a Kawo. Ya sami gidan a bayan wata gonar masara. Ɗanasabe na zaune a tabarma gindin mangwaro, hannu naɗe da tsumma, an ɗaɗɗaure kwanuka a gefe. Yana ganin Sabo ya miƙe da sauri, ya ba shi hannun hagu yana neman afuwa. Ya ƙwala wa maƙwabta biyu kira.

"Ku zo ku ga mutum! Wanga shi na wanda yaƙ ƙi hwaɗin sunana gaban alƙali. Na jiya ga rediyo. Malam, Allah shi saka maka, Allah shi ruhwa maka asiri yadda kar ruhwa mani."

Maƙwabta suka ce amin, suka gaisa da Sabo hannu biyu, suka koma. Matar gidan ta kawo fura a kwanon sha mai murfi, ta durƙusa ta ajiye. Sabo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya riga ya yanke a ransa zai yi jaje ya tashi.

Sai Ɗanasabe ya rage murya. "Na san wanda yay yi mani. Nuhu ne, abokin aikina. Shi ɗai yag gane ni da buhun gwangwanayen ran nan. Shekara shida muna cin tuwo kwano guda. Jiya ya zo dubiya, nic ce a ce mashi ba ni nan. Ni da shi sai lahira."

Sabo ya dube shi.

"Ba Nuhu ba ne," ya ce. "Ni ne."

Ya faɗa masa duka: tabarmi, tsire, tsokanar Sambo, bakaniken da ɗinki a hammata. Bai rage komai ba, har murza sitiyarin. Ɗanasabe bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya tambaya a hankali.

"Ba bugunka aka yi ba?"

"A'a."

"Ba ruhe ka aka yi ba?"

"A'a."

"Maganata kak kwaikwaya."

"I."

"To yi in jiya."

Sabo ya ɗago kai. Babu fushi a fuskar mutumin, jira kawai yake. Sabo ya buɗe baki zai kwaikwaya, ya kasa.

"Sun yi dariya?"

"Sun yi."

Ɗanasabe ya gyaɗa kai. Ya kira matarsa ya ce ta miƙo masa hularsa, za shi Unguwar Kanawa gidan Nuhu kafin azahar, don ya riga ya ɗauki alhakin bawan Allah. Ya sa hular da hannu ɗaya, ta karkace, ya gyara. Sannan ya nuna kwanon da haɓa.

"Sha hurarka, Malam. Don kai aka dama ta."

Sabo ya ɗauki ludayi. Yana zaune shi kaɗai a gindin mangwaron, mai gida ya riga ya fice, ya shanye furar tas, don bai san yadda zai mayar wa matar da kwano cike ba.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya roƙi editansa har ya yarda a ɗauki Ɗanasabe ya riƙa tuƙa motar raba jarida zuwa Zariya da Kano. Ya aika masa da saƙon ta hannun Nuhu. Amsa ta dawo cewa an gode. Kafin a yanke gero iyalin suka hau jirgin ƙasa zuwa Ƙaura. Hukuma ta rufe siton kamfanin a ƙarshen shekara, kamfani ya janye ƙararsa.

A watan Disamba 'yan'uwansa 'yan jarida suka shirya taron karrama shi a wani ɗakin taro cikin gari, saboda ya riƙe amanar wanda ya ba shi labari. Da safen ranar ya biya ofishin Lauya Hafsatu ya gaya mata gaskiya, ya ce yana tunanin faɗa a gaban taro. Ta ce wannan tsakaninsa da ransa ne, amma ya sani akwai 'yan jarida biyu da ke gaban kotu a watan gobe, da hukuncin shari'arsa za ta kare su.

Ya je taron. Aka kira sunansa, ya hau dandamali, aka miƙa masa allon yabo mai ruwan zinare. Ya zaro takardar jawabin da ya rubuta tun makon jiya, ya karanta ta daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɗaga kai ba. Aka yi ta tafi. Ya sauko ya zauna a kujerarsa, ya kife allon a kan cinya.