Gidan Fatsuma Mai Tayoyi

Othman ya ɗaga cokalin saitin wayar, zuma tana ɗiga daga gefensa, ya lumshe ido tun kafin ya kai baki.

"Ya jama'a, ga ma'asub na Jidda. Ayaba, gurasa, kirim da zuma. Wanda bai ci wannan ba, wallahi bai karya ba."

Ya ɗan lasa, ya girgiza kai kamar wanda daɗi ya kusa sumar da shi.

"Halas, ya isa," in ji matarsa Fatsuma, ta sauke wayar.

Nan take ya ajiye cokalin, ya kurkure baki, ya tura mata kwanon. Ta jawo shi ta fara ci. Shi kuwa ya buɗe 'yar robarsa ta dafaffen kabeji marar gishiri, wadda ta dafa masa tun da asuba.

Haka suke yi fiye da shekara biyu. Da aka rushe unguwarsu ta Hindawiyya, maƙwabta suka watse suna neman haya, Othman ya kwashi abin da ya tara a tuƙin manyan motoci a Madinar Masana'antu ya sayi tsohon karafan, irin motar nan mai gado da madafa da banɗaki a ciki. Ya ce shi ba zai sake kwana a gidan da za a iya shafa wa jan fentin rusau ba. 'Yarsu Layan ce ta buɗe masa shafi a intanet don ya rage kewa, sai abin ya karɓu. Mutane suka riƙa bin "Abu Layan mai karafan" daga gari zuwa gari, suna kallon yana cin arika a Abha, marsa a Jizan, kifi a Yanbu, saliƙ a Ta'if. Ba su san yana da ciwon suga ba. Ba su kuma san matar da ke riƙe da wayar ba, wadda ita ce ta cinye ƙasar kaf, daga kudu har arewa, har rigunanta suka yi mata kaɗan.

A ƙarƙashin kowane bidiyo sai an rubuta: "Ina ma ni ce matarsa." Fatsuma takan sa Layan ta karanta mata, ta yi tsaki. Ita da take wanke-wanke a kwamin da bai fi tasa ba, take ɗaure tukwane da igiya kafin a tashi, take neman alƙibla sabuwa kullum. Babu sallar da ta idar ba ta roƙi Allah Ya tsayar da motar nan ba.

"Yi sauri, Ummu Layan," in ji Othman. "Kar mu makara asibiti."

A hanya ta lura da abin da ta daɗe tana lura da shi tana yin shiru. Yana matso da fuskarsa kusa da gilashi, yana ƙanƙance ido. A wani shataletale saura ƙiris ya gogi wata ƙaramar mota, mai ita ya bi su da hon da zagi. Othman ya ce yaran yanzu ba su iya tuƙi ba.

Likitan idon matashi ne mai fara'a. Yana ganin Othman ya miƙe tsaye.

"Abu Layan! Wallahi ni da matata muna kallonka kullum."

Suka yi hoto. Sannan ya ɗiga masa magani, ya haska, ya daɗe yana duba na'ura, fara'ar tana raguwa. Ya yi bayani da Larabci a hankali. Suga ya taɓa jijiyoyin idon, na hagu ya fi lalacewa, na dama za a yi ƙoƙarin ceto shi. Tuƙi kuma ya ƙare, musamman babbar mota a doguwar hanya.

"Ya ammi, ai dole," likitan ya ƙara da cewa, yana kiransa baffa da Larabci. "Na ga arikar da ka ci a Abha, man shanu har yana iyo. Mai suga yana cin wannan? Ke kuma khala, inna, ba kya hana shi?"

Othman ya kalli Fatsuma. Faɗin gaskiya yana nufin likitan da matarsa su san cewa duk lumshe idon nan wasa ne. Fatsuma ta gyara mayafinta ta rufe ciki, ta ce, "In sha Allah za a kiyaye."

Sun fito, ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya makullin. Ta zaci zai yi faɗa, ya ce likitan yaro ne. Bai yi ba.

"To, ga shi kin samu," ya ce a hankali. "Motar ta tsaya."

Maganar ta soke ta. Ita motar ta roƙa a tsayar, ba ta taɓa faɗin ta wace hanya ba.

Layan ce ta zo ta same su, ta kwashe su a motarta zuwa unguwar Sa'alaba. Ashe ta daɗe da nemo gida, tana jiran ranar da uban zai gaji. Hawa na uku ne, ɗaki biyu, fenti sabo, madafa mai faɗi. Layan tana buɗe ƙofofi tana zuba, rabi Hausa rabi Larabci.

"Mama, duba, ruwa ba ya yankewa. Ga wajen firji. Babu mai damunki, wallah, maƙwabtan ko muryarsu ba za ki ji ba."

Fatsuma ta tsaya tsakiyar madafar ta miƙa hannuwanta biyu, ba ta taɓo bango ba. Abin da ta daɗe tana mafarki ke nan. Ta leƙa ta taga, sai bangon wani gini da bayan na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigar ruwa. Ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu don ta yi gaisuwa. Ta ji motsi a ciki, ta ga inuwa ta rufe ɗan ramin leƙe, sannan motsin ya koma. Ba a buɗe ba.

Da ta dawo ta tarar da Othman zaune a ƙasa ya jingina da bango, hannuwansa a kan gwiwa. Ba ta taɓa ganinsa a zaune haka babu abin yi ba. Ya zama tamkar baƙon da ke jiran a sallame shi.

"Ya yi," ya ce wa Layan. "In uwarki na so, ya yi. Akwai wani yaro Nayef da ya daɗe yana damuna in sayar masa da karafan. Na kira shi. Zai same mu bayan la'asar."

"A ina, Baba?"

"A gida," ya ce. Su duka sun gane inda yake nufi.

Suka koma asibiti ya ɗauko karafan ɗin, yana tafe kamar hawainiya, Fatsuma tana gaya masa ga mota ta hagu, ga danja ta ba da ja. Inda Hindawiyya take a da yanzu fili ne fetal, ƙasa da ɓaraguzai, sai 'yan alamun tsofaffin tituna. Othman ya bi ta wata kafa ya shiga, ya tsaya kusa da wani guntun dakali da suka tabbata na ƙofar gidansu ne. Duk sanda suka shigo Jidda sai sun zo nan sun sha shayi.

Nayef ya iso a wata doguwar mota mai sheƙi, saurayi ne fes cikin farar riga. Ya sumbaci kan Othman, ya shiga karafan ɗin yana shafa komai, har igiyar ɗaure tukwane.

"Khala, gaya mini gaskiya, ya rayuwar take? Ni na gaji da gidanmu. Ɗakuna ba iyaka, kowa a nasa, sai in yi kwana biyu ban ga mahaifiyata ba."

Fatsuma ta ga dama ta samu ta amayar da abin da ke cikinta. Ta ce wahala ce. Ta ce a Tabuk sanyi ya sa ruwan tanki ya ƙi fita, sai da wata mata Balarabiyar ƙauye ta ja ta gidanta ta yi wanka, ta kuma hana ta tafiya sai da ta kwana uku. Ta ce a Jizan taya ta fashe tsakar rana, masunta suka taru suka canza, matansu suka zaunar da ita a tabarma suka cika ta da kifi har ta kasa tashi. Ta ce ba ka da sirri, duk inda kuka tsaya sai an ƙwanƙwasa, wannan ta kawo gurasa, waccan tana son ganin madafa, wata tana son a koya mata miyar kuka.

"Allah!" in ji Nayef, idonsa yana ƙyalli. "Kullum ana ƙwanƙwasawa?"

"Kullum," ta ce. Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Nayef ya juya wajen Othman ya fara maganar yadda za a sauya takardu, da irin fentin da zai yi wa motar, da cire tsohuwar madafar don ya sa injin kofi. Othman yana ta gyaɗa kai, makullin a tafin hannunsa, ya riga ya miƙa shi rabi.

Fatsuma ta sa hannu ta ɗauke.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Ba ta sayarwa ba ce."

"Ummu Layan," in ji Othman da Hausa, "ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji. Kai ya hana. Ni ya hana ni?"

Ya zuba mata idon nan nasa mai rauni. "Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?"

"Layan da nonona ta sha, ga ta tana tuƙi. Gobe ta kai ni makarantar da ta je. Kafin in samu lasin, mu zauna a wancan akwatin gidan da ta nemo. Amma kada ka ɗauka don ina son motar nan ne. Ba na son ta."

"Na sani."

"Kuma daga yau ni za a riƙa ɗauka a bidiyo ina ci. Na gaji da cin abinci a ɓoye kamar ɓarauniya."

Nayef ba ya jin Hausa, amma ya gane cinikin ya mutu. Ya roƙi a yi hoto, aka yi, ya tafi yana waiwayen karafan ɗin.

Rana ta yi sanyi, filin babu kowa. Fatsuma ta tattare abayarta ta hau kujerar direba. Ƙafarta ba ta kai ƙasa ba, sai da Othman ya jawo kujerar gaba ya cusa mata filo a baya. Ya zauna a inda ta saba zama, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Na hagu birki, na dama totur. Kada ki haɗa su. Taka birki tukuna. Yalla, bismillah."

Injin ya tashi. Ta saki birkin, motar ta yi tsalle, tukwanen da aka manta ba a ɗaure ba suka zube a baya da ƙara. Ba ta waiwaya ba. Ta ƙanƙame sitiyarin, karafan ɗin ya fara rarrafe a kan ƙasa, ya bar alamar titi ya nufi dama.

"Hagu, hagu! Ina za ki? Nan fa gidan Sajida ne, kin shiga falonta!"

Sajida ita ce maƙwabciyarsu ta jikin bango, wadda ba a taɓa shiga gidanta an fito da yunwa ba. Yanzu tana can wani gari wajen ɗanta. Fatsuma ta rage gudun da dama babu shi, ta ɗan sunkuyar da kai ta taga.

"Salamu alaikum, masu gida," ta ce, ta ratsa ta tsakiyar falon ta fita ta madafa.