Hoton Delou

Ni direba ne, shekara goma sha huɗu ina tuƙi a Riyad, kuma na sha taya mutane neman abin da ya ɓace musu: iƙama, wato katin izinin zama, jakar kaya, har ragon layya an taɓa yi. Neman mutum kuwa sau ɗaya na yi shi, cikin zafin shekarar 2014, kuma ba na roƙon Allah Ya maimaita mini.

Almustafa abokin zamana ne a wani ɗaki da muke haya a unguwar Suwaidi. Birkila ne, mutumin ƙasar Maradi, irin mutanen nan da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsu. Ni kuwa, Basiru ɗan Funtuwa, bakina ba ya hutu. Shi ya sa zamanmu ya ɗore, ina zuba yana gyaɗa kai.

Sai da muka shekara uku tare kafin ya ba ni labarin garinsu. Tudun Tsira sunansa, can arewa da Maradi. Tun zamanin kakansa wani malami ya janye su daga cikin mutane, ya kafa musu dokoki. Ba rediyo, ba waya, ba takin zamani, ba tsagar fuska, kuma uwa uba ba hoto. Da shanu suke huɗa, da ƙafa suke tafiya. Wanda ya fita ya bi duniya kuwa ba a korar sa da sanda, daina amsa masa sallama kawai ake yi. Almustafa ya fita shekara goma sha biyu da suka wuce, ya bar ƙanwarsa Delou tana 'yar shekara tara. Mahaifiyarsu, Inna Mariamou, ba ta iya yanke shi ba. A ɓoye take aiko masa da gaisuwa ta bakin Talle, wani mai sayen albasa da ke zuwa bakin garin duk ranar Alhamis.

Ta bakin Tallen nan muka ji cewa mijin Delou ya rasu, ba su haihu ba, kuma ta ce ita yayanta za ta bi. Wani ejan a Maradi ya haɗa mata takardu. Kafin mu gama mamaki har ta sauka, an kai ta aikin gida wurin wani Balarabe a unguwar Malaz.

Wata biyar ta yi a gidan, sau biyu muka je. Kafil ɗinta, wato mai gidan da ya ɗauko ta, ba ya barin namiji ya shiga, don haka a bakin get take gaisawa da Almustafa. Ina cikin mota ina kallon su. Ita tana cikin abaya da niƙabi, kanta a ƙasa, shi kuma yana kallon takalminsa kamar wanda ya je gaida surukai. Na ce masa a hanya, "Kai dai ka cika ɗan ƙauye. Ƙanwarka ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba za ka ce ta ɗaga mayafin nan ka ga yadda ta koma ba?"

Ya ce, "A kan titi, Malam Basiru? Da kunya. Akwai lokaci."

A zuwa na biyu ya kai mata waya. Ta mayar da hannayenta baya, ta ƙi ko taɓa ta. Abin da ta tambaya ɗaya ne, na ji shi da kunnena: "Yaya, ina ne gidanku?"

Ya tura baki wajen faɗuwar rana, yadda ake nuna gona a ƙauye. "Suwaidi. Nan yamma da ku. Ba nisa."

A mota ba nisa ɗin ne, minti ashirin in babu cunkoso.

Wata Talata kafil ya kira. Wai tun Asabar da safe ta fita zubar da shara ba ta dawo ba. Kwana uku ke nan, sai yanzu ya ga damar faɗa, kuma har ya riga ya kai rahoton hurub, wato ta gudu daga aiki, ya wanke hannunsa. Na so in gaya masa maganar da zai kwana yana tunawa, amma baƙo a ƙasar mutane haɗiye fushinsa yake yi. Muka lallaɓa shi ya ba mu kwafin fasfonta.

Sunan da ke ciki Zouera ne. Wannan bai dame mu ba, kowa ya san ejan-ejan suna sauya wa mutane suna. Hoton ne ya tsayar da Almustafa. Ya zauna a gefen kwalta, ya riƙe takardar da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ta girma. Dubi goshin nan. Na babanmu ne sak."

Na ɗauki hoton da wayata, na rubuta lambata a ƙasa, na watsa shi a duk wani zauren WhatsApp na Hausawan Saudiyya da na sani. Almustafa ya ajiye aiki. Muka bi kasuwar Batha lungu-lungu, muka tsaya a ƙofar masallatai bayan Juma'a, muka shiga unguwar Nasiriya muna tare direbobin gidaje. Muka je inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, muka je ofishin 'yan sanda huɗu, muka bar hoto da lamba. Wata mata ta rantse ta gan ta a Jidda, wani ya ce a Dammam. Kowa da ƙaryarsa ta alheri. Zafi kuwa irin wanda sitiyari ke ƙona maka tafin hannu, amma Almustafa ko ruwa sai na tura masa. Takardar nan tana aljihun gabansa har gumi ya cinye gefenta.

A rana ta goma sha shida wata mata ta kira ni daga Maradi, ko sallamar kirki babu.

"Kai ne mai yaɗa hotona kana cewa na ɓace? Ga ni nan gidan mijina ina tuyar awara. Mi na yi maka?"

Ita ce Zouera. Da ta huce ta yi mini bayani. Ejan ya kai Delou wurin mai hoto har sau biyu, tana ganin na'urar sai ta rufe fuska ta fashe da kuka, ta ce a kashe ta ya fi. Da ya gaji, sai ya ari fasfon Zouera, tunda tsayinsu ɗaya, hasken fatarsu ɗaya. Haka Delou ta ƙetare ƙasashe da fuskar wata.

Na rasa ta inda zan fara gaya wa Almustafa, sai na faɗa kai tsaye. Ya ciro takardar daga aljihu, ya sake kallon goshin da ya ce na babansu ne, ya ninke ta ya ajiye a kan tabarma. Wallahi na tausaya wa mutane a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da na ji ranar ba. Kwana goma sha shida mun sa dubban mutane suna neman matar da ke zaune lafiya a gidanta, ita kuwa wadda ta ɓace, ko ta gifta ta gabansa da fuska a buɗe, ba zai san ita ce ba.

Bayan kwana huɗu wani ɗan sanda da ya ajiye lambata ya kira. Akwai gawar wata baƙar mace a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. Mota ce ta buge ta a babban titin da ya nufi yamma, ranar Asabar ɗin nan da hantsi, tana ƙoƙarin tsallakawa da ƙafa a inda ba a tsallakawa. Ba takarda a jikinta. Sun gwada zanen yatsu bai fito ba, ruwan wanke banɗaki ya cinye shi, kamar yadda yake yi wa yawancin masu aikin gida. Ya ce in ba a samu mai ita ba zuwa ƙarshen wata, za a binne ta a matsayin wadda ba a sani ba.

Muka je da safe. Ma'aikacin ya jawo akwatin ƙarfen, ya yaye farin ƙyalle zuwa wuya. Yarinya ce ƙarama, fuskarta ba ta lalace ba, sai ƙujewa a kunci ɗaya. Almustafa ya sunkuya yana kallo har sanyin ɗakin ya fara shiga ƙashina.

Ɗan sandan ya tambaya da Larabci, ni ina fassarawa. Ita ce? Akwai wata alama da ya sani, tabo ko tsaga?

Almustafa ya ce, "Ba a yi muna tsaga. Sanda na baro ta, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba." Ya juyo wurina. "Malam Basiru, muryarta na sani. In da za ta yi magana."

Na fassara rabin farko, na bar sauran.

Saura mutum ɗaya a Riyad da ta san fuskarta, matar kafil. Ta ƙi zuwa asibiti, ta ce ita ba ta kallon gawa. Ɗan sandan ya ce to a ɗauki hoto a kai mata. Ni na ɗauka da wayata. Muka kai Malaz, aka shiga da wayar, aka fito da ita da amsa kalma ɗaya: yimkin, wato mai yiwuwa. Wata biyar yarinyar nan tana wanke mata kwano tana goye mata ɗa. Dama mai gidan da bai lura cewa hoton fasfo ba na 'yar aikinsa ba ne, me za ka jira daga matarsa?

A mota Almustafa ya ce, "Saura Inna."

Na san abin da maganar nan ta ci masa. Tsohuwar da ta haura sittin ba ta taɓa ɗora ido a kan hoto ba, ta yarda har zuciyarta cewa wuta ce makomar mai yin sa. Ita za a ce ta duba, kuma abin da za ta duba ke nan. In ta ƙi, Delou ta tafi ba suna, ko kuma mu yi ta nema har mu mutu. In ta duba aka gan ta, ita ma an daina amsa mata sallama a garin da za a binne ta.

Ya ce, "Tura wa Talle."

Na tura ranar Litinin. Talle ya ce zai sa a kira masa Inna bayan gari, wajen da yake auna albasa, inda ba idon mutane. Talata da Laraba Almustafa bai ci abin kirki ba. Yana ta maimaita magana ɗaya, shi da ba ya magana: da ma ya ce wa Delou gidanmu da nisa, da ma ya ce sai da mota.

Ranar Alhamis bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Lambar Nijar ce, amma baƙuwa. Na sa a sifika, na ajiye tsakaninmu. Talle ne, ya ce aron waya ya yi a tasha.

Almustafa ya ce, "Ta zo?"

"Ta zo."

"Ta duba?"

"Da farko ta juya baya. Ta ce in faɗa mata da baki yadda fuskar take. Na ce Inna, ni ban iya ba. Ta daɗe tsaye. Sannan ta yi bisimilla ta miƙo hannu."

"Mi ta ce?"



"Ba ta ce komi ba, Almustafa. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, wajen kuncin nan da ya ƙuje. Da hasken ya mutu ta ce in maido mata, na maido. Sai ta ɗaure wayar tawa a bakin zaninta, ta shige gari da ita, mutane suna kallo. Ban iya ce mata ta ba ni ba."