Muryar da Ke Cikin Tambari

Tambarin kamfaninmu na wasannin bidiyo daƙiƙa huɗu ne. Zomo ya leƙo daga bayan wata, ya rusuna, muryar mace ta ce "Tsukinowa", sunan kamfanin, sai wasa ya fara. Shekara talatin haka yake.

Ni ban yi makarantar zane ba, a ɗakin uwata a Osaka na koya wa kaina. Shi ya sa ba na jure irin su Shiratori, sabon shugaban sashenmu, wanda ya yi wata shida a Landan ya dawo da mayani a wuya ko ana zafi.

A taro ya ce, "Tambari numfashi ne. Ina son mai wasa ya ji nauyin sarari."

Na ce, "To mu cire muryar ma, shugaba. Shiru ai ya fi zurfi."

Ba'a nake yi. Fuskata ce ba ta nunawa, haka aka haife ni. Ya cire tabarau ya dube ni kamar ya tsinci 'yar'uwarsa.

A wurinmu ba a cewa a'a a taro. Takarda ta zaga, kowa ya buga hatiminsa. Tsoho Kuwabara, mai kula da sauti, shi ma ya buga nasa, hatimin bai ko karkace ba, balle a ga alamar bai yarda ba.

Da rana ina cin taliya, Fumie sakatariya ta zauna kusa da ni.

"Ke 'yar baki, kin san muryar wa ce?"

"Wata 'yar wasa ce, ko?"

"Matar Kuwabara ce. Ita ke ɗaukar waya a lokacin, sai aka ce ta gwada. Bara ta rasu. Ba ki ga kullum shi ke fara kunna na'urar gwaji ba?"

Na gani. Na ɗauka neman suna yake.

Zan iya zuwa in ce wa Shiratori wasa nake. Na tsaya a ƙofarsa har sau biyu. Amma ya riga ya yabe ni a gaban manya, yabon kuma ya yi mini daɗi.

Ni aka ba aikin cirewa. Minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Ranar Litinin Kuwabara ya tsaya a bayana, na kunna. Zomo ya leƙo, ya rusuna. A gilashin na'urar na ga leɓen tsohon ya motsa, daidai wurin da muryar take a da.

"Aikinki da tsabta, Nagisa-chan," in ji shi, ya kira sunana yadda ake kiran ƙaramar yarinya.

Na miƙe na sunkuya na yi masa godiya.