Saƙon da Ban Isar Ba

"Ba ka shiga, Malam Badaru. Barci takai."

Ƙarya nake. Malama Ikilima idonta biyu a ɗaki, numfashi na fita da ƙyar. Na tsaya bakin zaure na riƙe ƙyaure, shi kuma yana tsaye da ledar lemu kamar mutumin kirki.

"Zubaida, don Allah. Gahwara nika son in roƙa, in tahi."

"Sai yau? Shekara ukku kana ina?"

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Malama Ikilima a Wurno, ita ce kuma ta koya wa ɗiyata Rahinatu karatu. Rahinatu ba ta iya zama wuri ɗaya. Ana magana ta miƙe, a aike ta gishiri ta dawo da labarin akuya. Likita a Sakkwato ya ce lalura ce, ba iskanci ba. Malam Badaru, shugaban makarantarsu, ya ce shi bulala ya sani. Ya zane ta har ƙafafunta suka kumbura, ta kwana uku ba ta taka ƙasa.

Malama ce ta karɓe ta a ajinta. Ta ce ta riƙa karatu a tsaye bayan aji, tana kai da komo da littafi, ita ke goge allo, ita ke raba alli. Zango biyu, yarinyar nan ta karanta mini takardar asibiti da bakinta. Wallahi na yi kuka.

Ran da Malam Badaru ya sake ɗaga wa Rahinatu bulala, Malama ta riƙe hannunsa gaban yara. Ai kuwa ya rubuta takarda a kanta, aka jefa ta makarantar wani ƙauye bayan Goronyo. Mace da ciwon ƙoda, kullum bisa babur tana shan gargada, har ta kwanta.

Na rasa yadda zan gode mata. Na kai albasa da tafarnuwa lokacin girbi, ta raba wa maƙwabta. Na kai atamfa, ta ɗinka wa Rahinatu.

"To mi zan yi miki, Malama?"

"Ke ma ki bar dukanta. Ya ishe ni."

Shi ya sa da ciwo ya yi tsanani na karɓi jinyar, da ƙofar gidan gaba ɗaya.

Malam Badaru ya ajiye ledar ya tafi. Na zazzage wa awaki lemun, na koma ɗaki.

"Wa ka magana zaure?" in ji Malama.

"Mai tallan nono ta."

Ta dube ni ta daɗe.

"Muryar Badaru nij ji. In ya dawo ki ce mai na yahe, duniya da lahira."

"To, Malama."

"Ki ce mai hwa, Zubaida."

Ta cika ran Talata bayan la'asar. Rahinatu na zaune riƙe da ƙafarta tun azahar, ko motsi ba ta yi ba.

Ran sadakar uku na fito da ƙwaryar gumba zan miƙa wa maza, Malam Badaru ya taso ya tare ni bakin zaure. Ya rame, idonsa jajir.

"Ta ambace ni kahin ta cika?"

Na tuna ƙafafun ɗiyata. Na tuna yadda ake sauko da Malama daga babur tana dafa katanga.

"Ba ta ce komi ba."

"Ko kalma guda?"

"Ko kalma guda."

Amana ce ta ba ni, na sani, kuma na san za a tambaye ni. Ita ta yafe, ni ban yafe ba, ba kuwa zan yafe ba.

Ya koma ya zauna. Wani ya ɗora masa dunƙulen gumba a tafin hannu. Aka shafa fatiha, mutane suka watse, aka naɗe tabarmi sai wadda yake kai. Ƙudaje suka sauka kan gumbar, bai kore su ba.