Gorar Numfashi

Jiya da dare na yi wani mafarki. Na gan ni a gindin wani tsauni, irin wanda sai ka dafe hula kafin ka ɗaga kai ka dube shi. Ni kuwa tela ne mutumin Gumel, abu mafi tsawo da na taɓa hawa a duniya shi ne bayan motar itace. Amma ko ɗar ban ji ba. Murna ce fal cikina, domin na san Baba yana can ƙololuwa yana kiwon gajimare. A zahiri Baba ya rasu da damina, saura ƙiris matata Lantana ta haihu. Ta haifi namiji, muka sa masa sunansa, muna kiransa Abba. Wannan albishir nake so in kai masa da bakina.

Tsaunin yana cikin gandun daji ne, a ƙofar gandun kuma akwai ofis. Wani bunsuru na zaune ciki da kakin ma'aikatan daji, yana tauna gefen teburinsa.

"Malam Hambali, ka so ka makara," in ji shi. "Da la'asar tsaunin ke tashi daga aiki."

Ya karanto mini doka. Ba a tsinkar ganye, ba a tsokanar biri, ba a barin komai a hanya, ko sawun ƙafa ne sai mutum ya kwashe abinsa. Sannan ya miƙo mini gora, an toshe bakinta da totuwar masara.

"Ga numfashinka na hanya. Iskar can sama kaɗan ce, kuma ta tsuntsaye ce, an hana taɓa ta. Tafiya ba ta cin numfashi sosai, magana ce ke shanye shi. Saboda haka kada ka gaisa da kowa."

"Ranka ya daɗe, har da manya?"

"Musamman manya. Su ne masu doguwar gaisuwa."

Na ce to, na rataya gora, na kama hanya ina rawar jiki kamar yaro ranar ɗinkin Sallah. Hanyar ta miƙe tsaye, wani wuri sai da hannu da gwiwa. In na taka sai in duƙa in ɗauke sawuna in jefa aljihu. Wani rafi ma hawa yake yi a gefena, yana haki, yana tsayawa shan inuwa. Na wuce shi ina dariya a zuci. Da na waiga sai na ga shaho yana shawagi a ƙarƙashina, ni Hambali, ina kallon ƙeyar shaho. Daɗi ya kusa sa ni guɗa.

Sai ga ni a bakin wani kogo. Wani tsohon rema, ɗan dabbar nan mai kama da zomo da ke zama cikin duwatsu, na zaune a kan dutse yana shan hantsi, gemu fari fat.

"Sannu da hawa, samari."

Na ɗaga masa hannu kawai na yi gaba. Ƙafata ta ƙi. Baba bai rene ni don in wuce dattijo da ɗaga hannu kamar direban tasi ba. Na dawo na tsuguna. Muka yi ina kwana, muka yi ina gajiya, ya tambayi Gumel da ruwan bana, ya tambayi iyali, na ce lafiya lau, har mun samu ƙaruwa. Ya yi barka, ya kira matansa su ma su yi. Rema kuwa ba ya auren mace ɗaya. Da na miƙe, gora ta yi sauƙi a kafaɗata.

Daga nan sanyi ya fara cizon kunne. Hanyar ta tsuke ta koma faɗin tabarma, dama bango, hagu rami marar ƙarshe. A nan na ci karo da wata raƙuma tana saukowa sanye da farin mayafi. An yi mata rasuwa, mijinta ne. To wane ɗan halak ne zai raɓa ta gefen mai takaba ya wuce? Na manne da bango, ƙafa ɗaya tana lilo a iska, na yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Ta ba ni labarin jinyar tun daga ranar da ya fara tari.

Yanzu gora sai ƙara take in na girgiza ta. Na rantse ko Sarkin Dawa na tarar ba zan tanka ba. Amma da na iso bakin kwari na ƙarshe, baki ya riga hankali, na yi sallama. Amsa-kuwwa ta amsa. Ta ce ina gajiya, na ce ina gajiya. Ta ce ya mai jego, ya jariri, na ce lafiya, ita ma ta ce lafiya. Ni ina jin kunyar in fara yin shiru, ita kuma ba ta iya ba. Sai da na cusa hula a baki muka rabu.

Sauran hawan da rarrafe na yi shi, a kan ƙanƙara, ƙirji kamar an ɗora mini keken ɗinki. Numfashin magana ɗaya tak ya rage a gorar. Na shirya ta tsaf: Baba, an haihu, namiji, sunanka.

Ga shi nan kuwa a kan buzunsa, da sandarsa, gajimare na kiwo kewaye da shi, wani ƙarami yana lasar masa hannu. Bai rame ba. Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushin nan nasa.

"Maraba. Ina gajiya?"

Na dubi gora, na dubi Baba. Tun da nake ban taɓa sako masa zance kafin gaisuwa ba. Na durƙusa na zare totuwar.

"Ba gajiya, Baba. Mun same ku lafiya?"

Gora ta yi fus. Shi ke nan. Na motsa baki, babu abin da ya fito, hawaye suka zubo suna daskarewa a kumatuna. Na hau tsauni guda don magana ɗaya, na rabar da ita a hanya.

Baba kuwa ya ci gaba da gaisuwarsa hankali kwance.

"Lafiya lau. Ya Lantana, ya ruwan zafi? Ya mai sunana, yana barin ku barci kuwa?"

Na zaro ido. Ya yi dariya har gajimare suka watse.

"Tun hantsi rema ya aiko. Amsa-kuwwa kuma ta ishe mu da shela. Matso in gan ka. Ai da ka wuce su baki shiru, da ban gane ɗana ba ne."

Ya dafa kaina, tafinsa da ɗumi. Na buɗe baki in amsa masa, sai kuka ya fito, siriri, mai ƙarfi, ba nawa ba.

Abba ne yake tsala shi a gefen gado, Lantana tana ƙwanƙwasa murfin tukunya a tsakar gida.

"Malam, ɗauke shi mana, ruwana zai huce."

Na ɗauke shi na ɗora a ƙirji. Na ja numfashi, iska ga ta nan kyauta, cike da ɗaki.

"Ina kwana, Baba," na ce masa.