Ƙafar Hagu ta Tsabola

Zane goma sha biyu ne ke sa Tsabola ya yi taku ɗaya cikakke. Ni na zana su da fensir, a wani ɗaki da muka kama haya a unguwar Kabwata da ke Lusaka, shekara ashirin da biyu da suka wuce. A zane na bakwai da na takwas ƙafarsa ta baya ta hagu ba ta taɓa ƙasa. Yakan ɗage ta, ya ɗan yi tsalle a kan sauran ukun, sannan ya ci gaba. Duk yaron da ya tashi a Lusaka da talabijin a gidansu, ko a gidan maƙwabta, ya san wannan tsallen, da yawa kuma sun kwaikwaye shi a hanyar makaranta.

Tsabola karen katun ne, ja, mai naɗaɗɗiyar jela, wanda ke yawo a kasuwa yana gano wa mutane abin da suka yar. Mu biyu muka ƙirƙire shi. Mutinta Hamoonga ke rubuta labari da neman masu ɗaukar nauyi, ni Lackson Siame nake zane. Tambayar da aka fi yi mana ita ce wane irin kare ne. Mutinta ta taɓa gaya wa wani ɗan jarida cewa jinin karnukan manyan gonaki ne, masu tsagin gashi a gadon baya, waɗanda aka ce da su ake farautar zaki a da. Ina zaune kusa da ita lokacin da ta faɗa, ban gyara mata ba.

Ainihin karen da na kalla na zana Tsabola karen ƙauye ne, irin wanda ke kwance a ƙofar kowace bukka. Na wani mai facin taya ne da ke tsallaken titi, ana ce masa Ba Daka, wanda ya zo da shi daga ƙauyensu a yankin Petauke. Na yi mako uku ina zama a kan tsohuwar taya da takarda a cinya ina kallon tafiyarsa, domin haka aka koya mana sana'ar: ba a zana tafiyar dabba da ka, sai an kalli mai rai. A rana ta biyu Ba Daka ya ɗaga ƙafar da karen ke ɗagewa ya nuna mini tabon, wani farin zobe da gashi bai sake tsirowa a kansa ba. Tarkon waya da aka ɗana wa zomo ne ya kama shi yana ƙarami, ya kwana biyu a ciki. Na ce ayya, na koma na zana abin da idona ya gani. Da muka nuna wa 'yan firamare gwajin farko, a daidai tsallen suka fashe da dariya. Mutinta ta ce kada in sake in taɓa shi. Ban gaya mata daga inda ya samo asali ba, don ina tsoron ta ce a cire, alhali hannuna bai taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba.

Bara aka tsai da shawarar sake yin shirin da kwamfuta, kashi ashirin da shida, wani kamfanin biskit ya ɗauki nauyi. Mutinta ta ɗauki matasa shida aiki, suka kwafi tafiyar daga tsofaffin zanena. Aka ce in zo ranar Juma'a in duba, in amince, kafin su ɗora komai a kanta.

Ranar Laraba da rana ina tsaye a danja a kan babban titin da ya yi gabas, sai wani mutum ya leƙo tagar motata da kwali a hannu. Zai kai shekara arba'in, yana sanye da rigar ƙwallo da ta kwana biyu.

"Tsabola, bosi! Tsabola na asali! Wannan ba ya buƙatar takarda, shaidarsa a ƙafarsa take."

Ya ciro wani jan kwikwiyo ya ajiye a gefen kwalta. Kwikwiyon ya yi taku uku, ya ɗage ƙafar baya ta hagu, ya yi tsalle. Na gangara gefe na kashe mota.

Na tsuguna na ɗauke shi, na bi ƙafar da yatsa daga cinya zuwa ƙasa. A saman dungun na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin gashi. Zaren kamun kifi ne, an naɗa shi sau da yawa an ƙulle, naman ya kumbura ya kusa rufe shi. Yatsun ƙafar sun yi sanyi.

"Mudala, saye ka zo yi ko awo?" in ji mutumin, yana kirana dattijo da yarensu. "In likita ne kai ka gaya mini, ni ma bayana na ciwo."

"Wa ya ɗaura masa wannan?"

"Wane abu?"

Na buɗa gashin na nuna masa. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"To ka gani. Mako ɗaya ne kawai, ƙafar ta koya, sai a kwance. Ba ni na fara ba, jeka unguwar Matero ka gani."

"Ba a koya wa ƙafa ɗingishi. Kashe ta ake yi."

"Mudala, ka taɓa sayar da kare? Mace za ta tsaya da mota, yara uku a baya suna ihu. In ajiye musu wanda ke tafiya lafiya lau, sai ta ce wannan ai karen ƙauye ne, a kyauta ma ba ta so. In ajiye mai tsalle, ko ciniki ba ta yi. Ni na zana abin a talabijin? Je ka tambayi wanda ya zana."

Ban gaya masa ko ni wane ne ba. Kwikwiyo uku ne a kwalin, biyu da zare. Na saye su duka, ya sa mini kwalin a kujerar baya yana cewa Allah ya ƙara kawo irina.

Likitar dabbobin da na kai wa a unguwar Chilenje ta yanke zaren da ƙaramin almakashi, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce su ne na huɗu da na biyar da ta gani tun da aka fara tallan dawowar shirin. Ɗaya zai warke sarai. Wanda na fara ɗauka kuwa sai an cire masa yatsu biyu, kuma ba ta yi alkawarin zai taka ƙafar ba.

Ranar Alhamis na zauna na zana sabuwar tafiya, zane goma sha biyu, ƙafa huɗu duk a ƙasa. Ranar Juma'a na shiga ofishin Mutinta na ajiye mata su a tebur, tare da guntun zaren a cikin leda. Na gaya mata komai, tun daga tabon da Ba Daka ya nuna mini.

Ta daɗe tana juya ledar a hannu.

"Sama da shekara ashirin, Lackson. Ina gaban 'yan jarida ina zuba musu labarin zaki, kai kana gefe kana kallona kamar tunkiya."

"Shi ya sa na kawo wannan. A cire tsallen."

Ta kama gefen takardun ta sake su da sauri ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke gwada motsi a da. Karen ya yi tafiyarsa sumul.

"Wannan karen wa ne? Ni ban san shi ba. Tsofaffin shirye-shiryen ma har gobe ana nuna su. Mutuminka na bakin titi cewa zai yi na kwamfuta jabu ne, nasa ne na asali, ya ƙara ƙulla zare." Ta turo mini takardun. "Kai so kake a share a yi shiru, kada kowa ya san ka sani. Na san halinka."



"Tsallen yana nan," in ji ta. "Amma kashi na farko a Petauke za a buɗe shi. A nuna shi ƙarami a ƙauye, a nuna wayar, a nuna kwana biyun da ya yi a ciki. Duk yaron da ya gani ba zai ƙara yin dariya kamar da ba, kai kuma sai ka haƙura da dariyar. Kai za ka zana wurin tarkon, da hannunka, tun da kai ka ga tabon."

"Masu biskit fa?"

"Ba za su so ba. Su kare mai tsalle suka saya don su manna a jikin kwali. In suka janye, ba ni zan tsaya gaban yaran nan shida ba. Kai za ka shiga ka gaya musu wanda zai tafi."

Na ce na yarda.

Sun janye a mako na biyu. Shirin ya koma kashi goma, aka sallami mutum biyu, ni na kira su na gaya musu. Ɗayarsu, Namakau, watanta biyar da haihuwa. Ta saurare ni har na gama, ta tambaye ni ko karnuka nawa nake ganin zan ceta da aikinta. Na ce ban sani ba, har yau kuma ban sani ba. Ta samu wani aikin a kamfanin talla bayan wata huɗu, amma ba ta amsa gaisuwata.

An nuna kashi na farko a watan Agusta. Iyaye sun yi ta bugo waya gidan talabijin, wasu suna zagi don 'ya'yansu sun yi kuka. Likitar Chilenje ta ce daga Satumba zuwa Kirsimeti kwikwiyo ɗaya kacal mai zare aka kawo mata. Na Matero ba ta da labarinsu.

A watan Janairu na sake samun mutumin a danjarsa. Ya gane motar, ya taho da kwalinsa yana washe baki.

"Mudala mai awo! Ashe kai ne mai zanen, ka bar ni ina ta zuba? Matata ta ganka a talabijin. Zo ka ga sabon kaya, Tsabola kafin tarko. Ƙafa huɗu cif, farashi bai canza ba."

Na gangara na sauko. Kwikwiyo huɗu ne. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na bi ƙafafunsu da yatsa, har na gaba, yana tsaye a kaina yana cewa in yi sauri danja za ta saki. Babu zare a jikin ko ɗaya. Na tambaye shi ko ana saye.

"Ba kamar da ba," in ji shi. "Amma ana saye."