Ajiyar Baba Gwangwani

Auta ba ta jira bas ɗin ya gama tsayawa ba ta dira, saura kaɗan takalminta ya zauna a ƙofa. Kwandasta ya bi ta da ihu, "Hajiya, a hankali, asibitin ba guduwa zai yi ba!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Kunnenta na can bayan katanga, inda take jiyo kukan katafila.

Tana ofis tana buga wa oga takarda Matiron, shugabar ma'aikatan jinyar asibitin, ta kira ta a waya. "'Yata, bar abin da kike yi ki taho. Ɗan kwangilar nan da ya ce sai wata mai zuwa zai fara gini, ga shi ya kwana da motocinsa a bakin lambu." Auta ta bar kwamfuta a kunne ta fito da gudu, sai kuma cunkoso ya riƙe su a kan gada har rana ta take.

Lambun mahaifinta ne. Ba wai nasa na gado ba, filin asibiti ne da ke bayan ɗakin haihuwa, inda a da ake zubar da karyayyun gadaje. Da ya yi ritaya daga aikin kula da furannin wata makaranta, ya zauna gida mako guda ya ce zaman na neman kashe shi. Ya ɗauki fartanya da buta ya je ya roƙi a bar shi ya share wurin. Daga shara aka koma shuka, daga shuka aka wayi gari ya fi shekara talatin a nan, babu albashi, babu takardar ɗauka. In ya gama ban ruwa sai ya shiga tura keken marasa lafiya, ko ya riƙe wa mai jego jariri ta shiga wurin likita, ko ya raba faɗan layi. Ya haura casa'in yana wannan hidima. Makon jiya ya rasu, a gadon da ke kallon lambun.

Daren ƙarshe da ya iya magana, abu ɗaya ya ce mata: "Auta, kar ki bar rumman ɗin uwarki ya mutu."

Bishiyar rumman ce da mahaifiyarta ta dasa da hannunta a tsakar gidansu na haya. Bayan rasuwarta, da mai gida ya sayar da gidan, Baba ya bar kujeru da kabad, ya tono bishiyar da saiwarta ya turo ta a baro har asibiti. Auta ta yi masa alkawari. Jira kawai take ta sayi babbar tukunya, domin a bene take zaune, ba ta da ko taƙin ƙasa.

Ta kewaya bayan ɗakin haihuwa, sai ta ja ta tsaya. Babu lambu. Jar ƙasa ce shimfiɗe, da sawun taya, da wani rami a inda bishiyar take. Matiron na tsaye a gefe da farar rigarta, hannu a ƙugu, da alama ta sha faɗa har muryarta ta dishe.

"Na tare su, 'yata. Aka kira ni wata na naƙuda, kafin in fito sun loda komai a tifa."

"Ina suka kai?"

"Bola, can bayan masana'antu."

"In na samu ko reshe ɗaya ne ɗanye, zai kama," in ji Auta, ta riga ta juya.

A bakin ƙofa akwai wata tsohuwar tasi da kullum take jiran masu sallama. Direban na kishingiɗe yana sakace. Auta ta faɗa baya ta ja ƙofa.

"Malam, bola. Ka bi tifar da ta fita yanzu."

Ya leƙo ta madubi. "Hajiya, mutane daga asibiti gida suke cewa a kai su. Ke ce ta farko da ta ce bola."

"Don Allah ka ja!"

Ya ga idonta, ya jefar da tsinken ya tayar da mota. Suka ratsa kasuwar katako, ya yi ta danna oda yana zagin masu baro da kakanninsu, ya bi wani lungu da madubin gefe ke gogar bango. Wayarta ta yi ƙara, yayanta ne daga garin da yake aiki.

"Kin samu?"

"Ina bin ta, Yaya."

"Kina bin bishiya? Da ƙafa ta gudu?"

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne," ta kashe.

Tun daga nesa suka hango hayaƙi. A bakin bolar tifar ta wuce su, wayam, tana kaɗa bodi. Auta ta fito ta kutsa cikin tarkace da takalmin ofis. Masu aikin wurin sun riga sun tura kayan lambun cikin ramin da wuta ke ci, sun bi da ɓaraguzan gini a kai. Ta hango wani abu kamar kututturen, baƙi ƙirin, ta nufe shi, zafi ya koro ta. Ta tsuguna a kan wata tsohuwar taya ta sa fuska a gyale. Kukan da ba ta samu ta yi ba ranar rasuwa saboda karɓar baƙi, a nan ya zo mata.

Direban ya bari ta ɗan lafa, sannan ya matso da robar ruwa.

"Hajiya, yi haƙuri. Zinare ne ya faɗa cikin sharar?"

"Bishiya ce."

"Bishiya," ya maimaita, yana sosa ƙeya.

"Rumman. Na mahaifiyata. Mahaifina ne mai lambun da aka rushe."

Robar ta kusa suɓuce masa. "Ke 'yar Baba Gwangwani ce? Ke ce Autar da yake cewa tana buga kwamfuta kamar ana ruwan ƙanƙara? Allah ya jiƙan Baba! Shi ne kika bari na ƙona mai har nan? Tashi, ƙanwata. Tashi mu je."

"Ina?"

"Ki dai shiga."

Ta san sunan. Ita da kanta take tara masa gwangwanayen madara daga kicin ɗin ofis, har masinja na tsokanarta wai ta buɗe sana'ar gwangwan. Ta san yana huda su da ƙusa yana raino a ciki. Ba ta taɓa tambayar inda suke ƙarewa ba.

A hanya bakin direban bai rufu ba. "Shekarun baya matata ta kwanta a asibitin nan, haihuwa ta zo da gardama. Ina zaune a bakin lambu kamar an zare mini laka, tsohon nan ya miƙo mini buta ya ce, 'Tashi ka yi ban ruwa, zaman ba zai haifar mata ba.' Na yi ta ban ruwa har aka fito aka ce mace ce, duk suna lafiya. Ranar sallama ya bi mu har mota da gwangwani, ɗan tsinke a ciki da ganye biyu. Na ce na gode da kyauta. Ya ɓata rai ya ce, 'Wa ya ce maka kyauta ce? Ajiya ce. Ranar da na aiko nema, ka ba da reshe.'"

Ya tsaya a ƙofar wani ƙaramin gida, ya yi sallama ya tura ƙyaure. Auta ta bi shi, sai ƙafarta ta tsaya da kanta.

A tsakar gidan, tsakanin igiyar shanya da famfo, ga ta nan. Ta fi ta asibiti tsayi. Jajayen furanni sun rufe ta, 'ya'ya sun rankwafar da rassa, wani ya tsage har ana ganin jan cikinsa. Auta ta kai hannu ta murza ganye ɗaya ta shinshina. Tsakar gidansu na haya ta dawo mata gaba ɗaya, har da muryar mahaifiyarta tana korar su daga ɗanyun.

Matar direban ta fito tana goge hannu. Da ta ji ko wace ce, ta rungume ta, ta ƙwala wa wata budurwa kira. "Zo ki gaida 'yar Baba. Kin ga wannan? Sa'ar bishiyar ce, tare suka zo gidan nan."

Direban ya ɗauko wuƙa yana wasa ta a bakin famfo. Ya zaɓi reshe mai kaurin fensir, ya yanka a karkace, ya zage ganyen ƙasa, ya soka cikin jiƙaƙƙen yashi a gwangwani. Hannun Baba sak. Sai ya sake yankan wani.

"Ɗaya ya isa," in ji Auta. "Baranda gare ni."

"Ba ni na kafa dokar ba. Baba ya ce duk wanda ya zo karɓa, biyu ake ba shi. Ɗaya nasa, ɗaya ya ajiye a hannun wani. Ni nan na ba surukina, na ba mai faci, har ɗan sandan da ke kama ni kullum a shataletale na ba shi, ko Allah zai sa ya yi laushi."

"Ya yi?"

"Bishiyar dai ta yi 'ya'ya."

Auta ta yi dariya da hawaye a fuska, karo na farko tun rasuwar.

Ta ce ya mayar da ita asibiti ta nuna wa Matiron. Da la'asar suka iso, sai suka tarar da abin da ba su zata ba. Ashe Matiron ta ba masu shara labari, masu shara suka ba mai gadi, magana ta fita ƙofa. A kan dogon bencin da ke gaban ɗakin haihuwa gwangwanaye ne jere, na madara, na tumatir, har da na fenti. Mai wankin asibiti ta kawo, mai ba da magani ya aika gida an yanko, wani tsoho mai sanda ya hau bas biyu da nasa a cinya.

"Mun ji an aiko neman ajiya," in ji tsohon. "Ni tawa tun ƙafar nan tana tafiya da kanta aka ba ni."

Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaisarwa, kowa da labarinsa. Wannan, Baba ya kwana tare da shi a layin jini, waccan shi ya rako ta gida ranar da ta fito ba jariri. Godiya ta yi ta yi har kalmar ta ƙare mata, ta koma riƙe hannuwansu kawai.

Matiron ta dube ta ta dubi bencin. "To, 'yata, barandar taki za ta ɗauke su?"

Ƙofar ɗakin haihuwa ta buɗe, wata matashiyar mace ta fito a hankali da jariri a tawul, mijinta na biye da jaka da filas, yana waige-waigen mota. Direban ya riga ya buɗe musu ƙofar baya.

Auta ta ware gwangwaninta ɗaya ta sa a jaka. Ta ɗauki na biyun ta bi su har mota.

"'Yar'uwa, barka da arziki. Riƙe wannan. A inuwa za ki ajiye, kar ki cika masa ruwa."

Mai jegon ta karɓa tana murmushi. "Kai, Anti, mun gode da kyauta."

"Wa ya ce miki kyauta ce?" in ji Auta. "Ajiya ce."

Direban ya leƙo ta taga yana tayar da mota. "Anti Gwangwani, gobe ƙarfe nawa zan zo ɗaukar ki?"

Ta harare shi. Sannan ta juya wurin mai gadi ta tambaye shi ko ya san inda Baba yake ajiye ƙusarsa.